Ranar da Ya Ce Ƙanwarsa Ce

Ni na yaye shi, ni na yi jinyar kaciyarsa, don haka ba mahaluƙin da zai gaya mini shekarunsa. Ɗan ƙanena ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa ya ɗauko shi daga ƙauyen Kusa ya dire mini shi kan tabarma ya ce, "Yaya, ga naki." A gindin tandata ya girma, nan rumfar waina da nake da ita bakin bodar Jibiya, daf da inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba su. Wanda ya daɗe a wurin nan ya san mai gaskiya daga yadda yake saukowa daga mota.

Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta ganin abu a ƙasa ta ƙyale. Ƙwallon goruba, gwangwanin madara, har ƙoƙon da nake auna ƙullu sai da ya sha shuri. Na dake shi har hannuna ya gaji. Da ya shiga kwaleji a Katsina sai labari ya fara zo mini ta bakin 'yan acaɓa: wai an ba shi kyaftin, wai shi ne lamba goma.

"Gwaggo, ɗanki shi ke raba ƙwallo," in ji ɗayansu. "Kowa sai ya jira shi ya ba shi."

Na ce, "Ƙwallo ɗaya tak, ina abin rabawa? Ku biya ni wainata."

Amma ba zan ɓoye ba, a lokacin ban ga aibunsa ba. Yana karatunsa, yana sallarsa. Tun bai gama kwalejin ba ya ga wata yarinya 'yar Mazanya, ya ce ita yake so, aka ɗaura. Allah ya ba su ɗiya. Shi da kansa ya jawo ragon suna daga kasuwa yana washe baki. Da ta fara tafiya, a wuya yake saɓa ta ya kai ta fili, ya ce wa abokansa ga mai gadon lamba goma. Da aka yaye ta aka kawo mini ita, kamar yadda aka kawo mini ubanta.

Sai ga wani mutum daga tsallake, mai tsinin takalmi da turaren da ke riga shi isowa. Dillalin 'yan ƙwallo ne. Ya ce akwai ƙungiya can Nijar da za ta ɗauke shi, daga nan kuma sai ƙasar Larabawa ko ta Turawa. Amma fa yara suke so, waɗanda ba su kai ashirin ba.

Abin da na fara gani shi ne gemu ya ɓace. Mutumin da ya tara gemu har ana ce masa malam, ya wayi gari haɓa kamar bayan ƙwarya. Sai ya mai da matarsa Mazanya, wai ta je ta ga gida kwana biyu. Sannan wata safiya ina juya waina na ji shi bayan rumfa da yarinyar.

"Ce Yaya."

"Baba."

"A'a. Ce Yaya, in ba ki alawa."

"Baba, ba ni."

"Sai kin ce Yaya."

Na ajiye cokali na leƙa. Ya durƙusa gabanta, alawa a hannu, ya ɗaga ta inda ba za ta kai ba.

Na ce, "Kai, mi nike ji?"

Ya miƙe yana susar ƙeya. "Gwaggo, ba za ki gane ba. Shekarun gida daban, shekarun ƙwallo daban. A ƙwallo yanzu sha takwas gare ni. Ɗan sha takwas kuwa ba ya da ɗiya mai gudu da ƙafarta."

"To in kai yayanta ne, wa ya haife ta?"

Ya dubi ƙasa. "Ai sai a ce autarki ce."

"Ni? Da wannan furfurar? Amma ba ka da ta ido. Wallahi duk wanda ya tambaye ni, gaskiya zai ji."

Ya tabbatar kuwa ba wanda ya tambaye ni. Bai sake kawo mai turaren rumfata ba. Kafin ya tsallaka, alawa ta yi aikinta. Ranar tafiyarsa yarinyar ta ɗaga masa hannu tana cewa, "Yaya, ka sayo mini tsaraba." Ya yi dariya har da tafi. Ni kuwa ji na yi kamar na taka kashin kaza da ƙafa ba takalmi.

Damina biyu ba mu sa shi a ido ba. 'Yan acaɓa ke nuna mini shi a waya, yana gudu cikin gajeren wando, cinyoyi a waje. Wata rana suka kawo mini wadda ake hira da shi. Mai tambayar ya ce ko yana da iyali, sai na ji muryar da na raina ta ce, "Ina! Ni yaro ne tukuna, ƙwallo ce matata." Abin da ya zo Jibiya a waya ai ya isa Mazanya. Matar ta nemi sakinta, ya ba ta ta waya, ko gardama bai yi ba. Ta gama idda ta auri wani manomi a Farfaru. Ta zo har rumfa ta durƙusa ta roƙe ni in ba ta ɗiyarta. Na hana. Na ce ɗiya ta uba ce, ubanta zai dawo hankalinsa ya karɓi abarsa.

Kullum in ina yi mata kitso sai na ce, "Wancan na cikin waya babanki ne, kin ji ko?"

Sai ta ce, "To Gwaggo, don mi ya ce in ce Yaya?"

Sai in juya mata kai in ci gaba da kitso.

Wata hantsi doguwar mota ta tsaya a boda, ƙungiyarsu za ta yi wasa a Katsina. Ma'aikata suka karɓi takardu, 'yan wasa suka sauko miƙe ƙafa, ƙamshin waina ya ja su rumfata. Yana cikinsu. Ya rusuna rabi da rabi ya gaishe ni. Yarinyar tana tsaye riƙe da faranti, ta kafe shi da ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya shafa kanta ya juya wajen abokansa.

"Ƙanwata ce, autar Gwaggo."

Na sauke tanda daga wuta don kada ta ƙone, na miƙe tsaye.

Na ce, "Jama'a ku saurara. Wannan da kuke gani ɗiyarsa ce, ta cikinsa. Shi ya yanka mata rago. Shi kuma ya ba ashirin baya tun tuni, ni na raine shi, ba labari aka ba ni ba."

Na zaci wuri zai yi tsit. Sai kawai suka fashe da dariya, har wani ya ƙware da miya. Wani dogo, wai shi ne gola, ya share hawaye ya ce, "Gwaggo, ni ɗana na fari shi ya kai ni tasha a babur, kuma sha tara gare ni!"

Wani ya ce, "Ƙarya kake, bara ma sha tara ka ce!"

"To ni na hana ta ƙaruwa?"

Mai turaren ya matso yana sakace. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ni na rage masa shekarun da hannuna. Wa bai sani ba? Koci ya sani, direba ma ya sani."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ƙartin banza masu haɓa a kankare. Ashe duk motar nan ba wanda aka ruɗa. Duk duniya mutum ɗaya aka yi wa wannan ƙarya ta zauna, ga ta nan riƙe da faranti.

Na juya ga ɗan ƙanen nawa na ce masa, "To madalla. Tunda kowa ya sani, ga ta nan. Faɗa mata ko kai wane ne."

Ya buɗe baki. Sai ya waiga, ya ga wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga waya yana ɗauka. Ya matso kusa da kunnena.

"Gwaggo, ana ɗauka fa. In ta shiga duniya na ƙare."

"Faɗa mata."

Direba ya danna oda. Ɗan ƙanen nawa ya cire hular da ke kansa ya kifa mata, ta rufe mata ido. Ya ce, "Ki riƙa jin maganar Gwaggo, kin ji?" Ya ruga ya shiga mota. Gudu kam ya iya.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire hular ta ajiye kan benci, ta ci gaba da kwashe kwanukan da suka ɓata.

Ranar da ba kasuwa na ƙulle mata kayanta a zane, muka hau babur zuwa Farfaru. Uwar tana daka, ta saki taɓarya ta rungume ta. Mijin yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya dube ni, ya dubi ƙullin kayan, bai tambaye ni komai ba. Ya miƙa wa yarinyar hannu ya ce, "Ɗiyata ta iso? Zo ki ga ɗan akuyar da aka haifa jiya."

Ta waigo ta dube ni. Na ce, "Je ki, babanki na kira."

Suka tsare ni in ci tuwo, na ce ƙulluna zai yi tsami. Na hau babur na dawo ni kaɗai.