Gawayi a Bangon Ɗakina

Ranar da na buɗe bulog ɗina, inda nake ba da labarin masuntan tabkin Madarunfa, na rubuta kalmar sirrin da gawayi a bangon ɗakina, don na san halin mantuwata. Ina Maraɗi wayata ta mutu, da kalmar sirrin a cikinta, kuma aka ce mini Inna ta shafe ɗakin da farar ƙasa saboda Sallah. Na dawo ina ta zagin kaina a mota. Da na shiga, bango fari fat, sai wuri ɗaya kamar tafin hannu da ta bari. Na zauna ƙasa daɓas.

"Ban san abin da ya ce ba," in ji ta, "amma ni ba na rufe rubutu."