Warin Tafarnuwa a Gwangwanin Gahawa

Abubuwa da dama sun faru da ni a ƙuruciya, wasu sun shuɗe, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata Juma'a ta tsakiyar damina a gidan kakannina wadda ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin za ta fita daga raina. Har yau in na tuna ta sai tsoron ranar ya dawo mini, can kuma dariya ta kama ni.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a Tasawa. In aka ba da babban hutu sai in tafi wurin iyayen mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Kona. Ni yarinya ce marar magana. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in baƙo ya shigo gida kuwa sai a neme ni a rasa. Abin da na iya shi ne karatu. Duk abin da ke da rubutu a jiki sai na karanta shi, ko da kwalin sabulu ne ko takardar da aka ƙunso ƙosai.

Kakana, wanda muke ce wa Baba Tsoho, bai damu da shayi kamar sauran tsofaffin garin ba. Da ƙuruciya ya yi fatauci can arewa, ya koyo shan gahawa, bai kuma sake ta ba. Wani ƙanensa da ke Agadas shi ke aiko masa da 'ya'yanta ɗanyu cikin ƙaramin buhu. Da hannunsa ya fara rawa sai ya danƙa mini aikin, ya ce a duk jikokinsa ni kaɗai ce ba ni da garaje. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi murmushi.

Na ɗauki aikin nan da gaske. Kaɗan nake soyawa a kasko, abin da zai kai mako, ina juyawa har ta yi launin dabino busasshe. In ta huce in daka a wani ɗan turmi da ba a yarda barkono ko daddawa su taɓa shi ba, in tankaɗe, in zuba a gwangwanin madara, in shimfiɗa leda a baki kafin in danna murfi. Ba na ajiye shi kusa da murhu, ba na ajiye shi inda rana ke bugu, cokali mai laima kuma ba ya shiga ciki. Citta da kanumfari da ɗan kimba, waɗannan sai za a dafa nake daka su, don Baba Tsoho ya ce ƙamshin da aka daka jiya ya riga ya tafi yawo. Ya kan ce gahawa kamar yaro ce, duk wanda ka zaunar da ita kusa da shi halinsa za ta ɗauka.

Akwai kuma wani abu da na sani, wanda karance-karancena suka jawo mini. Kawuna, wanda ke noma gonar gidan, yana zuba wake a bido, wato jarka, ya jefa wata ƙwayar magani ya toshe, don kada ƙwari su ci. Na taɓa ɗaukar bututun da ƙwayoyin ke ciki na karanta Faransancin da ke jiki. Guba ce mai kisa, an kuma rubuta cewa warinta kamar na tafarnuwa yake. A wani hutu da ya wuce na ga lokacin da Kawu ya sa bututun a wani gwangwanin madara ya rufe, ya nufi ɗakin hatsi da shi.

Ranar Juma'ar, bayan an sauko masallaci, Baba Tsoho ya dawo da baƙi biyu: limamin garin, da wani tsohon abokinsa da ya zo daga Korgom. Suka zauna a zaure, ya ɗaga murya ya ce amarya ta ɗora wuta. Na je ɗauko gwangwanina, sai na tarar da wani a wurinsa. Kakata, wadda muke kira Kaka, ta ce laimar damina ta sa murfin nawa ya yi tsatsa, shi ya sa da safe ta juye mini a wani mai kyau. Ina sauri, na riga na daka citta da kanumfari, ƙamshinsu ya cika mini hanci. Na buɗe, na ɗebo, na dafa yadda na saba. Na kai tire bakin ƙofar zaure ta ciki na ajiye, na yi gyaran murya, na juyo. Iyakata ke nan kullum. Ban taɓa sa ƙafa a zauren nan ba in akwai maza.

Da na dawo rufe gwangwani, sai na yi abin da nake yi kowane lokaci, na kai shi hanci. Ƙarƙashin ƙamshin gahawa akwai wani wari. Na sake shinshinawa. Tafarnuwa.

Na ce, “Kaka, ina kika samo wannan gwangwanin?”

Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ɗakin hatsi, bisa katanga, bayan bidunan wake.”

“Ba komai ciki?”

“Wani ɗan farin gari ne a gindi, na kakkaɓe. Ɗan warin tafarnuwa yake, na bar shi a rana ya sha iska. Mi ne ne kike zare mini ido?”

Na ajiye gwangwanin. Na tsinci kaina a bakin ƙofar zaure, ban san yadda na kai ba. Ta gefen asabari ina ganinsu. Kofin Baba Tsoho ya riga ya zama wayam. Mutumin Korgom ya sha rabi yana ba da labari. Liman kuwa yana hura nasa, bai kai baki ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki in na waiwaya shi ne, a wannan halin ma kunya ba ta sake ni ba. Wata zuciyar tana ce mini in ba haka ba ne fa? Ki faɗa cikin dattawa da ihu, gobe gari ya ɗauka? Koma ki gaya wa Kaka, ita ta zo. Ina wannan saƙe-saƙen sai Liman ya yi bisimilla ya ɗaga kofi.

“Kada ku sha!”

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na bankaɗe asabari, na buge kofin daga hannun Liman, gahawa ta watsu a farar rigarsa ta Juma'a. Duk suka zuba mini ido. Na ce, “Guba ce! Gwangwanin maganin wake ne aka zuba gahawar a ciki!” Sai kuka ya ƙwace mini.

Kafin ka ce me, gida ya rikice. Kaka ta fito ba mayafi tana salati, tana cewa ita ta kashe su da hannunta. Maƙwabta suka shigo. Wata ta kawo ƙwaryar nono aka dafe mutumin Korgom ana ɗura masa, yana sha yana kalmar shahada, nono na bin gemunsa. Daga baya na ji daga bakin ma'aikatan likita cewa nono ba ya maganin irin wannan gubar, abin yi kawai a garzaya da mutum. To, mu a ranar abin da muka sani ke nan. Aka tura a kira Kawu daga gona, aka kuma kira mai kabu-kabu, mai haya da moto, wato babur, ya zo ya kai tsofaffin zuwa gidan likita a Kona. Ni dai ina durƙushe gaban Baba Tsoho ina kallon fuskarsa, ina jiran in ga ta sauya. Shi ya sha kofi guda cur, kuma da hannuna na dafa.

A cikinmu duka shi kaɗai ne bai tashi daga buzunsa ba. Moto na ruri a ƙofar gida, ana ta ce masa ya tashi, sai ya ɗaga hannu.

“Ku dakata. In mutuwa zan yi, a nuna mini abin da ya kashe ni. Amarya, ɗauko gwangwanin.”

Na kawo shi a nesa da jikina. Ya karɓa, ya juya shi, ya shafa wata 'yar lotsawa a gefe da babban yatsa. Ya buɗe ya shinshina. Sai na ga ya saci kallon Kaka, ya kawar da kai, ya yi tari irin na wanda ba tari ke damunsa ba.

Ya ce, “A kashe moto.”

Mutumin Korgom ya ture ƙwaryar nono. “A kashe moto? Kai in ka gaji da duniya, ni ban gaji ba!”

“Ba inda za ka. Wannan gwangwanina ne.”

Kaka ta tsaya da salatin. “Naka? Mi kake da gwangwani a ɗakin hatsi?”

Ashe wani ne ya gaya masa tafarnuwa na sauke hawan jini. Kaka kuwa ta tsani warinta a bakin mutum, ta daɗe da yi masa iyaka da ita. Shi ne ya sa aka daka masa busasshiya a kasuwa, ya ɓoye bayan bidunan wake, inda ya san ba ta cika leƙawa ba. Kullum da safe in ya ce zai duba hatsi, lasa yake zuwa yi. Kwana biyu da suka wuce ta ƙare, ya bar gwangwanin a wurin.

Mutumin Korgom ya dubi rigarsa da ta jiƙe da nono, ya dubi abokinsa, ya ce, “Wato saboda tsoron matarka aka cika mini ciki da nonon wani gida? Da tsufanka, da gemunka?” Liman ne ya fara dariya, yana riƙe da gefen rigarsa mai tabo, sai kowa ya ɗauka. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Shi ya sa! Ni ina ta zargin miyar maƙwabta.” Ta juya ciki, amma na ga kafaɗunta na rawa da dariyar da take ɓoyewa.

Ni ban yarda ba sai da Kawu ya iso, da laka har gwiwa, yana haki. Ya ji bayani, ya ja ni zuwa rumbun da ke bayan gida, ya nuna mini nasa gwangwanin a rataye can sama cikin leda, an ɗaure da waya. Ya ce tun bara ya fitar da shi daga ɗakin hatsi saboda yara. Sai a lokacin na yarda. Na zauna a gindin rumbu na yi kuka mai isata, irin kukan da ke zuwa bayan an sauke kaya.

Da hankalina ya dawo, kunya ta dawo da ƙarfinta. Na ɓata rigar Liman, na tara wa gida jama'a, na tona asirin kakana a gaban matarsa da abokansa. Na shige ɗaki na ƙudura ba zan fito ba sai hutu ya ƙare. Da la'asar Baba Tsoho ya aiko a kira ni. Baƙin ba su tafi ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, ya ce a'a, in shigo ciki, ai na riga na san hanya.

Na fara ba Liman haƙuri, murya can ƙasa. Ya katse ni. “'Yar nan, riga sabulu ne maganinta. Da abin da kika zata ne, kika tsaya kunyata, yanzu wa zai yi wa wani sallar jana'iza a cikinmu?”

Baba Tsoho ya ce, “Ka ji ta shiru-shiru, ashe murya na nan an ajiye. Amarya, kin tona ni, na yafe. Amma ki sake ɗora mana wuta, makogwaron wannan na Korgom duk nono ne.”

Na soya sabuwa, na daka, na dafa musu, na kai har gabansu. Ta cikin gwangwanin kuwa ba yadda ba mu yi ba, warin ya ƙi fita. Na shanya ta, na ƙara mata kanumfari, a banza. Baba Tsoho ya hana a zubar. Shi kaɗai ya riƙa shanta har ta ƙare, yana yatsina fuska yana cewa magani biyu ne a kofi ɗaya. Washegari Kawu ya sayo mini kwalba mai murfin murɗawa daga kasuwa, sabuwa, wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba.

Yanzu ina da gidana, ina kuma dafa gahawa irin tasa. Ba na zuba ta a mazubin da ban san abin da ya taɓa riƙewa ba, ko da an wanke shi ya yi ƙal. Amma babban abin da ranar ta koya mini ya wuce na kicin. Har yanzu ni mai kunya ce, ban sauya ba. Sai dai na gane cewa in rai ne a tsakiya, gara ka yi magana a yi maka dariya da ka yi shiru a yi maka ta'aziyya. Dariyar da aka yi mini a zauren nan, ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba, domin duk waɗanda suka yi ta da ransu suka tashi.