Ranar da Na Wuce Yaya Ishaya a Layin Masu Fenti

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana Ishaya a Kafanchan. A tsawon wannan lokaci na yi rubutu a shafin nan kan mutane da dama da suka riga mu gidan gaskiya, amma ban taɓa ambaton sunansa ba. Ba mantuwa ba ce. Akwai abin da na yi masa wanda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya mai fenti ne. Rumfarsa tana wani tsohon layi a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda mutanen gari ke kira layin masu fenti, ko da yake ba su kaɗai ne a wurin ba. Akwai masu sassaƙa ganguna da kujeru, da masu ɗaukar hoto, da wani dattijo mai rubuta ayoyi a jikin gilashi, Kirista ya zo ya yi masa, Musulmi ya zo ya yi masa. Shi Yaya aikinsa manyan motocin da ke kwasar citta zuwa kudu. Zai zana zaki ko gaggafa a bayan mota, ya rubuta "Allah na nan" a goshinta, hannunsa ko rawa ba ya yi. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, Yaya ne ya riƙe ni har na shiga jami'a.

Ina shekara ta biyu a can, wani malaminmu ya ce zai kai ajinmu Kafanchan mu ga zanen mutanen da ba a makaranta suka koya ba. Ni kuwa na riga na gaya wa ƙawayena cewa yayana ɗan kwangila ne.

Muka sauka a bakin layin, muka shiga da ƙafa. Malam yana tsayawa rumfa-rumfa yana tambaya, 'yan aji suna toshe hanci saboda warin fenti da kananzir. Ni na koma can baya. Mutanen da suka san ni tun ina goye suna ɗago kai, ina kau da ido.

Muka tarar da Yaya a kan tsani, cikin singileti da fenti ya rine, yana ƙarasa gashin wuyan wani zaki. Ya sauko ya yi wa malam bayani da Hausa, yana haɗawa da ɗan Turancin da yake ji. Wata a cikinmu ta kwaikwayi Turancin a hankali, aka yi dariya. Har da ni aka yi dariyar. Sai idonsa ya faɗo kaina. Fuskarsa ta washe, ya fara ɗaga hannu. Na sunkuya kan littafina kamar mai rubutu. Ya sauke hannun, ya goge shi a wando. Da muka zo wucewa ta gabansa, ya janye gwangwanin fenti daga hanya, ya ce, "Malama, a hankali, kada ya ɓata miki kaya."

Da aka yi hutu ya tarye ni a tasha kamar yadda ya saba, ya ɗauki jakata. Bai tayar da zancen ba a ranar, bai kuma tayar ba har abada. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan ba shi haƙuri. Na gama karatu, na yi aure, na koma Kaduna. Shekara tara ina cewa gobe, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Makon jiya na je na taka layin daga farko har ƙarshe. Rabin rumfunan sun koma shagunan waya. Inda Yaya yake zama yanzu na'ura ce ke buga allunan talla, a tura hoto da safe a karɓa da rana. Ina jin da yana raye ba zai yi fushi ba. Zai tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce aikin ya fita, sai dai zakin nasu ba ya ba kowa tsoro.

A ƙarshen layin na iske Baba Sale, mai sassaƙa ganguna, wanda ya yi shekaru yana maƙwabtaka da Yaya. Ya gane ni tun kafin in gaishe shi. Bayan mun taɓa hira na ce, "Baba, ko kun tuna ranar da muka zo da 'yan makaranta?"

"Na tuna, Rifkatu," in ji shi. "Kuna fita na ce masa, Ishaya, wannan ba ƙanwarka ba ce? Ya ce, ita ce, Baba, amma tana bakin aiki, ba a damun mutum a bakin aiki. Ya ce, ka ga yadda take rubutu da sauri? Wuni ya yi yana gaya wa direbobi."

Shafin da na sunkuya a kansa ranar nan, ko harafi ɗaya ban rubuta a ciki ba.

Motocin da Yaya ya zana duk sun mutu, an yanyanka su an sayar da ƙarfen. Na bincika ban sami aikinsa ko guda ba. Abin da ya rage shi ne halinsa na rufa wa mutum asiri ko da shi aka wulaƙanta, sai kuma ni, da na ci moriyar wannan hali ban ce na gode ba.

Da zan tafi na sake tsayawa a tsohuwar rumfarsa. Matar da ke kula da na'urar ta leƙo ta ce, "Mama, wa kike nema?" Na ce, "Ni ƙanwar Ishaya mai fenti ce. Nan ne wurinsa." Ta yi ɗan tunani, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba.