Ɗakin Dutsen Baba Ezekiya

Da asuba na tarar da Baba Ezekiya a jikin ɗakin dutsen da ubansa ya gina a Sabon Layi cikin Mubi, yana ƙwaƙule tsohuwar ƙasa daga tsakanin duwatsu da guntun rodi, iya inda hannunsa ya kai. Tsaninsa na ɗaure da sarƙa. 'Yarsa Miriyamu ce ke riƙe da makullin tun faɗowar da ya yi bara.

A hannunsa na koyi gini. Ba ya yawan bayani, sai dai ka sa ido. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan kwaɓa ƙasar suri da yashin mayo, wato na kogi, da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ya cike inda damina ta cinye. Ko shekarar da muka gudu daga Mubi muka dawo, bai tsallake ba. Kwaɓin ba shi da ƙarko, shi ma ya sani. Amma danshi na fita ta cikinsa, dutse ya tsira. Siminti kuwa yakan zauna daram, ya riƙe ruwa a ciki, dutsen gefensa ya riƙa ɓarewa. Na ga haka a gidaje da yawa.

Miriyamu ce ta kira ni. Ta ce yayyenta suna Yola, babu mai zuwa kwaɓa ƙasa duk shekara, ita kuma ba za ta sake kwana a asibiti saboda bango ba. Ta ce in sa siminti a huta. Ba ƙarya ta yi ba.

Na gaishe da Baba Ezekiya, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi buhunan simintin da na kawo.

"Tizhe, in na bar maka kwaɓina, za ka riƙa hawa duk shekara?"

"A'a, Baba. Ba zan iya ba."

"To, sa."

Na sa. Ya zauna a kan kututture yana kallo. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce layina ya karkace, na gyara. Miriyamu ta kawo kunu, ta ce yanzu har jikoki sai su gaji ɗakin. 

Ranar da na koma kwashe kayana, siminti ya bushe. Baba Ezekiya ya dogara sanda ya zo jikin bangon, ya danna babban yatsansa a tsakanin duwatsu biyu. Bai shiga ba. Ya goge yatsan a riga, ya shige ɗaki.