Ranar da Baba Ya Koma Kan Dutse

Bayan gidanmu na Tudun Wada akwai wani dutse, wanda tun ina yarinya Baba ke hawansa kullum bayan la'asar, ya zauna ya sha iska. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai hawan ya tsaya. Ya warware dai, amma ƙafar hagu sai janta yake.

Cikin daminar nan Yayana ya zo daga Kano da mota, wai zai tafi da shi. A cewarsa sanyin Jos ne ke hana ƙafar saki, kuma garin da ko shago za ka sai ka hau tudu bai dace da tsoho ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da aka haifa a nan tun zamanin haƙar kuza, shi za a kai inda zafi ke hana mutum barci? Na buɗe baki zan yi masifa, Baba ya ɗaga mini hannu.

"In na kasa hawa dutsen nan yau, ka tafi da ni," ya ce wa Yaya. "In na hau, ka ƙyale ni."

Muka fita. Ya hana kowa riƙe shi, daga shi sai sandarsa. Maƙwabciyarmu Inyamura mai shago ta leƙo tana cewa da irin Hausarta, "Baba, sannu sannu fa, kar ki faɗi!" A tsakiyar hanya ya zame, gwiwarsa ta bugi dutse. Yaya ya zabura, na tare shi da hannu. Baba ya huta, ya dafa, ya miƙe.

Da muka kai ƙoli, iska mai sanyi ta mare mu. Ga gari shimfiɗe a ƙasa, ko'ina kore shar. Tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa suna ƙyalli, duwatsun Shere can gabas hadari ya rufe musu kai. Baba yana haki yana dariya, ni ina hawaye ban ɓoye ba.

Kafin mu ankara hadarin ya iso, kuma da ƙanƙara ya zo. Muka raɓe ƙarƙashin wani dutse da ya ɗare kan ɗan'uwansa. Yaya, mai zargin sanyi da cutar da tsoho, shi ne ke karkarwa cikin shaddarsa, har Baba ya cire rigar sanyinsa ya yafa masa. Sannan ya tsinci ƙanƙara ɗaya ya sa masa a tafin hannu.

"Ga tsaraba, ka kai Kano."

Washegari Yaya ya kama hanya. A kujerar da ya shimfiɗa wa Baba bargo a motar, buhun dankalin turawa muka ɗora masa.