Cokalin gyada a miyar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Duwala, ni da maiɗakina. Ni zan kai wa telolin unguwar Briqueterie da ke Yawunde zaren surfani, ita kuma za ta gaida gwaggonta a can. Kuɗin mota ya sake hawa, kujerun kuwa suna nan yadda na san su, gwiwa a haɓa. A Boumnyebel mata suka yanyame tagogi da abarba da gasasshiyar ayaba. Wani fasinja ya sayi kifin da ya kwana ya ci, cikinsa ya ɓaci, daga nan har Yawunde direba bai huta da tsaya masa ba. Mun yi wa fasinjan dariya, don irin wannan ciwon zuwa gobe ya wuce.

Na matata ba abin dariya ba ne. Gyada ko ƙanƙanuwa ta shiga bakinta, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Shi ya sa da muka shiga unguwar, ƙamshin tsire yana kiranmu ta kowane lungu, muka wuce abinmu. Yajin da ƙuli ake daka shi.

Gwaggo ta san da haka, kuma bayan gaisuwa na sake tuna mata. Ta ce, "Ni ma nono yana sa mini kugin ciki. Na daina shan fura? Iyayin 'yan Duwala ne kawai."

Bayan azahar aka kawo tuwo da miyar taushe. Matata ta sunsuna.

"Gwaggo, babu gyada ko?"

"Ci, 'yar nan. Ni zan cuce ki?"

Wa zai ture kwanon gwaggonsa? Ta ci.

Kafin a kwashe kwanuka fuskarta ta haye, tana jan numfashi kamar an shaƙe ta. Na fita titi ba takalmi. Kowace taksi a cike. Na tare wata, na roƙi fasinjoji suka sauka, Allah ya saka musu. A asibiti aka yi mata allura nan take. Likita ya ce da mun tsaya jiƙe-jiƙe a gida, da yanzu gaisuwar ta'aziyya ake yi mini.

Can sai ga Gwaggo da mayafi a karkace. "Alhaji, cokali ɗaya fa na sa. So nake ta gani ba komai, ta saba."

Suruka ce, na haɗiye abin da ya zo bakina. Amma a nan zan faɗa: ran mutum ba wurin gwaji ba ne. Kugin ciki daban, kifin da ya lalace daban, abin da ke rufe maƙogwaro daban. Wanda ya ce wani abinci ba ya yi masa, a yarda da shi, ko da duk dangi suna ci lafiya.

Mun dawo Duwala tana jingine da kafaɗata, muryarta a dishe. Na aika wa Gwaggo cewa gaisuwa ba za mu fasa ba, amma da tukunyarmu za mu riƙa zuwa. An ce ta yi fushi. Ta yi ta yi. Fushi ba ya hana kowa numfashi.