Tazagul, Wadda Ta Ƙi Bar wa Gishiri Ƙasarmu

Duk wanda ya kwana a Akkum lokacin dashe ya san Tazagul apa, wato babbar yaya a harshenmu, ba ta jiran rana ta fito. Da ta idar da sallah za ta sha shayinta da madara, ta ƙulle burodi a ƙyalle, ta naɗe baki da hanci, sai bakin hanya inda motar ma'aikatan daji ke kwasarsu. Tafiyar awa biyu ce, a kan ƙasar da mahaifinta ya yi ta jefa taru lokacin tana teku. Can take wuni a sunkuye cikin kunyar da tarakta ta yanka, tana dasa itacen saksaul ɗaya bayan ɗaya, tana take gindin kowanne da diddige. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don ƙirjinta ya ce ya isa haka.

Lokacin da ta fara, gari ya riga ya sare. Tun da ruwa ya janye, iska ke kwaso gishiri da yashi tana watsa mana a gonaki. Kankana ta daina yi, dawa ba ta wuce gwiwa, yara kuwa sai tari. Gida bayan gida ana ɗaure kaya a nufi birnin Nukus. Ƙanenta ma ya zo har ƙofa da mota.

"Apa, ki hau mu tafi. Ƙasar nan ta mutu, sallah kawai ta rage a yi mata."

"To je ka nemo liman," in ji ta. "Ni dai ban ga gawa ba tukuna."

A shekarar farko, cikin kowane goma da ta dasa bakwai suka bushe. Ta koma ta sake dasawa, ta kuma sakewa, har aka samu wani dogon layin itatuwa a arewacin gari da ya fara tare mana iska.

Orazbay, direban motarsu, shi ya ga abin da ya faru a layin nan da idonsa. Pirnazar, babban dillalin dabbobi na garinmu, zai aurar da ɗansa, kuma kowa ya san babu garwashin da ke gasa nama kamar na saksaul. Sai ya kai babbar mota da masu gatari wurin itatuwan da suka shekara goma sha ɗaya suna girma. Sun kayar da kusan ashirin kafin Tazagul ta iso. Ba ta yi hayaniya ba, ta je gaban tayar motar ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Haba apa, tashi mana," in ji Pirnazar. "Itacen Allah ne, ko ke kika halicce shi?"

"Allah ne ya halitta, ni na shaƙi gishiri a kansa. Ka gasa namanka yau, gobe yashi ya bi ka har ɗakin amarya. In kuma garwashi kake so dole, fara da ni. Na bushe sosai, zan ci wuta."

Masu gatarin duk 'yan gari ne, wasu ma ta goya su. Suka sunkuyar da kai, suka ajiye. Pirnazar ya tafi da mota fanko, aka yi bikin da kowa ya ci ya sha, Tazagul kaɗai ba a gayyata ba. Har wata uku danginsa ba sa amsa gaisuwarta.

Da bazara ta zagayo, iska ta taso kwana uku ba tsayawa. Gonakin da ke fili suka binne har kan shinge, na bayan layin Tazagul suka tsira, haka ma garken Pirnazar da ke can. Ya aiko mata da rago. Ta mayar, ta ce a gaya masa rago ba ya dashe, ya turo 'ya'yansa. Ya turo su, har da angon, suka yi kaka biyu a ƙarƙashinta.

Tazagul, ke ce murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya. Ke ce kika tsaya lokacin da masu ilimi suka zo suka auna ƙasarmu, suka girgiza kai, suka koma. Babu takardar yabo a bangon ɗakinki, amma yau ana yanka kankana a Akkum, raƙuma na samun abin ci, kuma gida huɗu cikin waɗanda suka tafi sun dawo. Mun gode. Allah Ya ba ƙirjinki lafiya, Ya saka miki da inuwar da ta fi wadda kika dasa mana.

Saura mu. Mai cewa ƙasa ta gama lalacewa, ya zo ya faɗa a gaban matar nan in ya isa. Makon jiya na tambaye ta wa zai gaje ta, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai mai rubutu, bayanka ciwo yake yi?"

Na ce a'a.

"To Asabar akwai dashe. Kar ka zo da alƙalami."